Maganar miliyan goma kan bayanan masu buƙata ta musamman da suka fita: ga abin da doka ta ce

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun makon jiya wayata ba ta huta ba, daga Agege a kira, daga Idi-Araba a kira, har daga Okobaba, kuma duk magana ɗaya ce. Wata ƙungiya mai zaman kanta da ke raba kekunan guragu da sandunan makafi da ɗan tallafin kuɗin makaranta a nan Legas, jerin mutanen da ta yi wa rajista ya fita yana yawo a WhatsApp. Suna, unguwa, lambar waya, lambar NIN, lambar asusun banki, hoto, har da irin lalurar da mutum ke fama da ita. Yayata tana ciki, shan inna ne ya taɓa ta tun tana ƙarama, don haka ba labari aka ba ni ba, da idona na ga layinta. Ba zan faɗi sunan ƙungiyar ba, ba shi ya sa na ɗauki waya ba. Abin da ya sa na rubuta, jita-jita biyu ne suke cin mutanenmu a lokaci guda kuma duka biyun ba daidai ba ne.

Ta farko wai duk wanda sunansa ya fita gwamnati za ta sa a biya shi naira miliyan goma, har an samu wasu samari suna bin mutane da fom suna karɓar kuɗi da hoton katin banki wai za su shigar da su. Ta biyu kuma wai babu abin da za a iya yi, ai taimakonka aka yi, kuma da hannunka ka dangwala a takarda, sai haƙuri.

Dokar da ke magana a kan wannan ita ce Dokar Kare Bayanan Sirri ta Najeriya ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023. Ita ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, mai hedikwata a Abuja, kuma Dokta Vincent Olatunji ne ya fara jagorantarta. Kafin ita ma sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya riga ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin sirrinsa. Dokar ta hau kan duk wanda ke tattara bayanan mutane a ƙasar nan, banki ne ko asibiti ko makaranta ko ƙungiyar agaji, ba a cire kowa don yana aikin lada ba.

Toh masu cewa ai ka sa hannu, su ji. Sa hannun da yayata ta yi, izini ne ta bayar a yi amfani da bayananta don a ba ta keke. Ba ta bayar da izinin su kwana a wayar kowa da kowa ba. Dokar ta ɗora wa mai riƙe da bayanai nauyin tsare su, kuma ta ware wasu bayanai ta ce sun fi sauran nauyi: lafiyar mutum, addininsa, ƙabilarsa, zanen yatsunsa da makamantansu. Takardar da ta ce wane makaho ne, wance tana da farfaɗiya, ɗan wane yana da taɓin ƙwaƙwalwa, maganar lafiya ce kai tsaye. Yara 'yan ƙasa da shekara 18 da waɗanda ba sa iya yanke wa kansu shawara, iyaye ko waliyyi ne ke tsaya musu.

Yanzu ga wurin da ya fi rikita mutane, maganar awa 72. Na ji wani yana cewa tunda kwana uku sun wuce ba ka kai ƙara ba shi kenan haƙƙinka ya faɗi. Wallahi ba haka ba ne. Awa 72 ɗin nan da ke sashe na 40 ba a kanka take ba, a kan ƙungiyar take. Daga lokacin da ta san bayanai sun fita, kuma akwai yiwuwar abin ya cutar da mutane, tana da awa 72 ta sanar da hukumar NDPC. Kai kuma mai bayanan, sashen ya ce idan haɗarin babba ne dole a sanar da kai nan take, da magana mai sauƙi wadda za ka gane, a kuma faɗa maka matakan da za ka ɗauka ka kare kanka. Idan bin mutum ɗaya-ɗaya zai yi wahala ko tsada sosai, an yarda su yi sanarwa ta kafafen da jama'a suka fi amfani da su.

A nan ne ni dai nake ganin dokar ta bar ƙofa a buɗe. Wa zai fara auna ko haɗarin babba ne ko ƙarami? Ƙungiyar da abin ya faru a hannunta, wadda ita ce ta fi kowa son maganar ta mutu saboda masu ba ta kuɗi kar su ji. Sannan ko sun yi sanarwar, in suka rubuta ta da Turanci a shafinsu na intanet, makahon da ke zaune a Ebute Metta ta yaya za ta kai gare shi? Kurma kuma in rediyo aka yi fa? Ni a fahimtata magana mai sauƙi da dokar ta ce, ga mutanenmu tana nufin Hausa, tana nufin saƙon murya, tana nufin a tura mutum wurin Sarkin Makafi da Sarkin Guragu ya zauna ya yi bayani. Kuma jerin da ya haɗa lalura da adireshi da lambar asusu, ban ga yadda mai hankali zai kira shi ƙaramin haɗari ba, ɗan damfara ya san wanda ba ya gani, ya san wanda yaro ne ke danna masa waya, ya san ƙofar gidansa.

Sai miliyan goman. Adadin nan gaskiya ne, yana cikin sashe na 48, amma tara ce ba diyya ba. Hukumar tana iya cin tarar babban mai riƙe bayanai har naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin da ya shigo masa a shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ƙananan kuma har naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 ɗin. Wannan shi ne ƙololuwa, ba lallai a kai can ba, kuma kuɗin hukuma ake biya, ba a raba wa waɗanda abin ya shafa ko kwabo. Lokacin da NDPC ta sanar da tarar naira miliyan 555.8 a kan bankin Fidelity a watan Agustan 2024, tarar da bankin ya ce bai yarda da ita ba, ba wanda ya ce za a tura wa masu asusu kasonsu. Don haka duk wanda ya zo maka da fom na miliyan goma, ko dai bai fahimta ba ko kuma so yake ya ƙara kwashe abin da ya rage na bayananka.

Diyya tana nan amma hanyarta daban, kuma babu adadin da aka yanke. Hanya biyu ce. Ɗaya, ka kai koke wurin hukumar a ƙarƙashin sashe na 46, in ta bincika ta ga an saɓa doka tana da ikon ta umurci ƙungiyar ta gyara, ta kuma biya wanda ya cutu. Wanda ya ƙi bin umarnin hukumar ya aikata laifi, zai iya shan tara ko ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba ko duka biyu. Ta biyu, sashe na 51 ya ba ka dama ka je kotu da kanka ka nemi diyya idan ka samu rauni ko asara ko cutarwa. Kalmar cutarwar nan a riƙe ta da kyau, don ita ce alƙali zai tambaya. An cire maka kuɗi? An karɓi bashi da sunanka a manhajojin bashin nan? Mai gidan haya ya ga takardar ya ce ka tashi? An fasa auren 'yarka saboda an ga sunanta da wata lalura da ba kowa ya sani ba? Duk wannan sai da shaida, shi ya sa nake roƙon mutane kar su goge saƙonnin da ke shigo musu, a ɗauki hotonsu, a rubuta rana da lambar da ta kira. In kuma wariya aka nuna maka saboda lalurarka, akwai dokar tarayya ta 2018 da ta haramta hakan, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ga kuma ofishin LASODA na jihar Legas da aka kafa don masu buƙata ta musamman.

Na san abin da wasu za su ce, ina wanda ke neman na abinci zai ga kuɗin lauya. Gaskiya ne, kuma shi ne babban ciwon da nake ji da dokar, ta ba mai ƙarfi da mara ƙarfi hanya iri ɗaya alhali ƙafafunsu ba ɗaya ba ne. Amma jihar Legas tana da ofishin lauyoyin da ke kare marasa hali kyauta, OPD, akwai kuma hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya. Mutum ashirin su je tare da takardunsu a jere ya fi kowa ya je shi kaɗai.

Akwai kuma masu tsoron in suka yi magana za a cire su daga tallafi, ko a rufe ƙungiyar kowa ya rasa. Na fahimci wannan tsoron, ni ma ba na fatan a rufe wurin da ya ba yayata keke. Sai dai tambaya ba faɗa ba ce. Sashe na 34 ya ba ka dama ka rubuta musu ka ce su faɗa maka wane bayani naka suke riƙe da shi, wa suka ba, su ba ka kwafi, su gyara kuskure, su goge abin da ba sa buƙata. Sashe na 35 kuma ya ce kana iya janye izininka duk lokacin da ka so. Me ƙungiyar raba keke za ta ci gaba da yi da hoton katin NIN ɗinka shekara uku bayan an gama rabo?

Masu tura jerin daga wannan zauren WhatsApp zuwa wancan wai don kowa ya duba ko yana ciki, don Allah ku daina, ku goge. Dokar ta ɗaga wa mutum ƙafa a kan abin da ya shafi harkar gidansa, amma ta ce ban da inda aka keta sirrin wani.

Game da banki, lambar asusu ko BVN kaɗai ba su isa a kwashe maka kuɗi ba, abin da ɓarawo ke nema shi ne lambar sirrin katinka da lambobin nan da banki ke turowa ta saƙo. Zai kira ka da cikakken sunanka, ya faɗi unguwarku, ya faɗi lalurarka, ya ce daga ƙungiya yake an ƙara tallafi, karanto min lambar da ta shigo yanzu. Kashe wayar. Ka je reshen bankinka da ƙafarka ko da wanda ka amince da shi, ka canza lambar sirri, ka faɗa musu bayananka sun fita. In layinka ya ɗauke haka kawai ba dalili, kar ka jira gobe, je ofishin kamfanin layin a ranar. In an riga an cire kuɗi, banki da farko, sannan 'yan sanda ko EFCC.

Mu dai mun rubuta wa ƙungiyar takardar yayata jiya, shafi ɗaya, ta dangwala, mun sa an buga mana hatimin karɓa a kan kwafinmu da kwanan wata. Wanda ke da ɗan uwa makaho ko wanda ba ya karatu, ya karanta masa wannan ko ya mayar masa da shi saƙon murya.