Gidan Kirista a Zango: zama da Ubangiji da fita shaida

Tambayoyin nan suna yawan tasowa a zumuntar mata da taron ma'aurata a majami'un da ke kewayen Nima, Mamobi da Madina, unguwannin Zango (inda Musulmi masu jin Hausa suka fi yawa) a Accra, babban birnin Ghana, inda masu bi da yawa, Frafra ne ko Dagati ko Kusasi ko 'yan arewacin Najeriya, Hausa ce ke haɗa su da maƙwabtansu.

Wanne ne kan gaba, kusanci da Allah ko kai bishara?

Markus 3:14 ya jera su. Yesu ya zaɓi sha biyun nan don su zauna tare da shi, sa'an nan ya aike su wa'azi. Zaman ne ya fara zuwa. Shi kansa haka ya yi: a Markus sura ta 1, bayan ya wuni yana warkar da marasa lafiya a Kafarnahum, ya tashi tun da sauran duhu ya keɓe yana addu'a. Da Siman ya same shi ya ce kowa na nemansa, daga wurin addu'ar ya kama hanyar garuruwan da ke kusa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amma Bitrus da Yahaya ba su tsaya sai sun gama kammaluwa kafin su buɗe baki ba, don haka kada kowa ya fake da cewa bai shirya ba har shekara goma.

Ba ma fashin taron coci ko ɗaya. Wannan ba kusanci da Allah ba ne?

Nan ne abin ya fi damuna. Akwai gidan da Talata nazarin Littafi, Laraba sujadar tsakiyar mako, Alhamis koyon waƙa, Juma'a kwanan addu'a har gari ya waye, Asabar fita bishara, Lahadi kuwa daga safe sai la'asar. Maigida dattijon ikilisiya ne, uwargida shugabar mata. Yaran fa? An bar musu kuɗin kenke (tuwon masara mai tsami da ake sayarwa) da waya, an ja ƙofa. Yarinyar da ta kai shekara goma sha huɗu ba ta taɓa jin mahaifinta ya ambaci sunanta cikin addu'a a ɗaki ba, sai dai ta ji muryarsa ta lasifika.

Hidima abu ne mai kyau, Marta ma hidimar Ubangiji take yi. Duk da haka 'yar'uwarta Maryamu da ta zauna tana sauraron Yesu ita aka ce ta zaɓi rabo mai kyau, kamar yadda yake a ƙarshen Luka sura ta 10. Bulus kuma ya tambayi Timoti: wanda bai iya riƙe gidansa ba, yaya zai kula da ikilisiyar Allah? Ni a ganina, ma'aurata su zauna su ware dare biyu ko uku a mako da ba a fita ko'ina, su kuma gaya wa fasto a fili. Fasto mai tsoron Allah ba zai ji haushi ba.

Ɗaki ɗaya muke haya, kuma muna fita tun asuba saboda cunkoson hanya. Ina lokacin sujadar iyali?

Maimaitawar Shari'a 6:7 ba ta ce a nemi ɗaki na musamman ba. Cewa ta yi a riƙa koya wa yara a zaune a gida, a kan hanya, lokacin kwanciya da lokacin tashi. Minti goma sun isa, muddin kullum ne: waƙa ɗaya, ayoyi kaɗan, kowa ya faɗi abin da ke damunsa a yi addu'a a kai. In safiya ba ta yiwu, a yi bayan tuwon dare kafin a shimfiɗa tabarma.

A kula da harshe. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, yau kuma yana cikin waya. Yaranmu da Turanci suke karatu a makaranta, to yaro ya karanta da Turanci, uwa ta maimaita da Hausa ko harshen gida. Abin da yaro ya ji da harshen da ake masa faɗa da rarrashi ya fi zama a zuciyarsa.

Maƙwabtanmu duk Musulmi ne. Yaya za mu yi shaida ba tare da ɓata zumunci ba?

Ƙidayar 2021 ta nuna Kiristoci kusan kashi 71 cikin 100 ne a Ghana, Musulmi kusan kashi 20. A Zango lissafin ya juya, mu ne 'yan kaɗan, kuma famfo ɗaya, tsakar gida ɗaya. Hajiyar da ke ɗakin kusa ta san ko ka biya kuɗin wuta a kan lokaci, ta san yadda kake yi wa matarka magana idan ranka ya ɓaci. Ta ji wannan tun kafin ta ji wata aya daga bakinka.

1 Bitrus 3:15 ta ce mu kasance a shirye mu amsa wa mai tambaya dalilin begenmu, cikin tawali'u da ladabi. Tambayar kuwa tana zuwa. Ranar da ɗan Hajiya ya kwanta da zazzaɓi, kika zauna da ita a asibiti, kika ce, "Hajiya, in kin yarda zan sa shi cikin addu'a," da wuya ta ƙi. In Malam ya ce, "Maigida, ku me ya sa kuke cewa Ɗan Allah?" ka amsa da abin da ka gaskata, kada ka yi kwana-kwana, kada kuma ka taɓa mutuncin Annabinsu ko Littafinsu. In ba ka san amsar ba, ka ce za ka tambayo.

A je suna, a je gaisuwar mutuwa, a yi barka da Salla. Da Kirsimeti gidaje da yawa kan kai kazarsu ko akuyarsu Malam ya yanka, don maƙwabta su ci shinkafar hankali kwance. A watan Afrilun 2019 Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya halarci sujadar Ista a cocin Katolika na Christ the King a nan Accra, yana dab da cika shekara 100. Bai bar addininsa ba, su ma ba su bar nasu ba.

Abu ɗaya da ba na goyon baya ko kaɗan: jan yaran maƙwabta zuwa makarantar Lahadi da biskit ba da sanin iyayensu ba. Cin amana ne, kuma ba za mu so a yi wa namu ba.

Wa'azi a trotro (ƙaramar motar haya) ko da lasifika da asuba fa?

Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ba kowa 'yancin yin addininsa da bayyana shi. Amma mai jego da wanda ya dawo daga aikin dare su ma suna da hakki. Kuma idan sarakunan ƙabilar Ga, 'yan asalin Accra, suka sa dokar hana kiɗa da hayaniya ta wata guda kafin bikinsu na gargajiya na Homowo, a bi ta.

Mu riƙa fita bishara da yara?

In suna so, su bi ku gaida marasa lafiya, su ɗauki kwanon abincin da za a kai wa gwauruwa. Kada a ɗora musu gardamar addini a makaranta. Ya isa yaro ya iya cewa, "Mu Kiristoci ne, ga abin da muka gaskata," ya kuma ci gaba da buga ƙwallo da abokinsa Musulmi. Idan ya dawo da tambayar da ta fi ƙarfinsa, a ajiye ta sai lokacin sujadar dare, a buɗe Littafi a duba tare.