Idan makaranta ta rage malamai, me doka ta ce a ba wanda aka sallama?

Ƙanwata ta shekara tara tana koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi da ke Rikkos, nan cikin Jos. Ranar da aka raba wa yara sakamakon zango na uku, mai makarantar ta kira ta da wasu malamai uku ofis. Ta ce ɗalibai sun ragu, iyaye sun kasa biya, za a haɗe azuzuwa, don haka su yi haƙuri. Ta miƙa wa kowa albashin watan a ambulan, sannan ta ba su farar takarda ta ce su rubuta cewa da kansu suka ajiye aiki, wai don kada sunansu ya ɓaci. Bayan magariba ƙanwar tawa ta shigo gidana da takardar a jaka, ba ta rubuta komai ba tukuna. Ta ce, "Yaya, shekara tara fa. Yanzu babu abin da doka ta ce a ba ni?"

Amsar tana cikin sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1974. Sashen ya ce rage ma'aikata shi ne mutum ya rasa aikinsa dindindin, ba da son ransa ba, saboda ma'aikata sun yi wa aikin yawa. Wato ba laifi ka yi ba, gurbin naka ne ya tashi. Idan haka ta faru, doka ta ɗora wa mai aiki abu uku. Sai ya sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilin ma'aikata dalilin ragin da yawan waɗanda zai shafa. Sai ya bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya, amma an ba shi damar duba ƙwarewa da iya aiki da riƙon amana. Sannan ya yi iya ƙoƙarinsa wajen daidaitawa da waɗanda aka sallama kan kuɗin sallama.

A wannan na ukun ne mutane ke cin tuntuɓe. Dokar ba ta yanke ko kwabo ba. Ba ta ce albashin wata guda kan kowace shekara ba, ba ta ce rabin wata ba. Cewa kawai ta yi a zauna a daidaita. Ta ba Ministan Ƙwadago ikon fitar da ƙa'idar da za ta tilasta biya, amma an haura shekara hamsin ba a fitar ba. A Ingila, wanda ya yi shekara biyu a wurin aiki yana da lissafinsa a rubuce, gwargwadon shekarunsa na haihuwa da na aiki. A nan kuwa, malamar da ta tsufa da alli a hannu tana iya fita da albashin wata ɗaya. Ni dai ina ganin wannan giɓi zalunci ne, kuma malaman makarantun kuɗi ne suka fi ɗanɗana shi. Duk wanda ya ga yadda suka yi watanni ba albashi a 2020, lokacin da korona ta rufe makarantu, ya san haka.

Akwai kuma wani tarko a sashe na 91. Da dokar ta zo fayyace wane ne ma'aikaci, sai ta cire masu aikin shugabanci da gudanarwa da masu aikin ƙwarewa. Koyarwa kuwa aikin ƙwarewa ne mai hukumar rajista, TRCN, tun 1993. Don haka lauyan mai makaranta zai iya tashi ya ce sashe na 20 bai ma shafi malami ba. Abin da ke rage zafin wannan shi ne gyaran tsarin mulki na 2010, wanda ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, a sashe na 254C, ikon hukunta rashin adalci a wurin aiki da kuma duba yadda ake yi a ƙasashen duniya. Tun daga nan kotun ta sha ƙin yarda da sallamar da aka yi ba dalili, ko aka ƙirƙiri dalilin. Mai makarantar da ya ce malamai sun yi yawa, sannan a watan Satumba ya ɗauko 'yan hidimar ƙasa ko sababbin malamai masu araha ya zuba a azuzuwan nan, zai sha tambaya a gaban alƙali.

Tunda doka ba ta faɗi adadi ba, abin da kotu za ta fara nema shi ne takardar ɗaukar aiki, da littafin sharuɗɗan aiki idan makarantar tana da shi. In an rubuta cewa wanda aka rage za a ba shi kaza, ko akwai garatuti bayan shekara biyar, to ya zama bashi, dole a biya. In ba a rubuta ba, sai abin da baki ya samo a teburin sulhu. Tun ran gini tun ran zane: ranar da ake ɗaukarka ce ranar tambayar abin da za ka fita da shi. Na san malamai da yawa a Anguwan Rogo da Gangare da ba su taɓa riƙe takardar ɗaukar aiki ba, da baki aka ce su fara ranar Litinin. Sashe na 7 ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku da farawa. Wanda bai samu ba ya adana saƙonnin banki na shigar albashi, da katin shaidar makaranta, da jadawalin darasi mai sunansa, don su ne shaidarsa.

Kuɗin sallama daban, wa'adin barin aiki daban, kuma bai kamata a bari a cakuɗa su ba. Sashe na 11 ya ce wanda bai wuce wata uku ba, kwana ɗaya ne wa'adinsa. Daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako ɗaya. Shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Shekara biyar ko fiye, wata guda. Wa'adin mako ɗaya zuwa sama sai a rubuce, kuma in ana so ka tafi yau, sai a biya ka kuɗin wa'adin. In takardarka ta ba da wa'adin da ya fi haka, misali zango guda, ita za a bi. Shi ya sa albashin da aka sa wa ƙanwata a ambulan ba alheri ba ne, guminta ne na watan Yuli. Kuɗin wa'adi yana nan bai fito ba. Ita kuwa farar takardar nan, da ta rubuta ta sa hannu, da ta yafe duka da hannunta, don wanda ya ajiye aiki da kansa ba ya cikin waɗanda aka rage.

Sai fansho, wanda ba ruwansa da son ran mai makaranta. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ma'aikata 15 ko fiye ya zuba kashi 10 cikin 100, a cire kashi 8 daga albashin ma'aikaci, a tura asusunsa cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi. Kuɗin nan naka ne ko an sallame ka. Wanda bai kai shekara 50 ba, ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba, yana iya cire kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusun. In aka tarar ana cirewa ba a turawa, hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, da ke Abuja ake kai wa ƙara.

Malamin gwamnati nasa ya ɗan bambanta. Dokokin aikin gwamnati ne ke riƙe da aikinsa, yana da ƙungiyar malamai ta NUT a bayansa, kuma in aka sallame shi ba bisa ƙa'ida ba kotu na iya cewa a mayar da shi, abin da da wuya malamin makarantar kuɗi ya samu. A kula kuma, ba kowace sallamar taro ce rage ma'aikata ba. A 2017 gwamnatin Kaduna ta ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar gwaji, ta sallame su, ta kuma nemi ɗaukar sababbi 25,000. Gurabensu ba su tashi ba, hujjar gwamnati ita ce rashin cancanta, don haka wani babi ne na doka daban.

Kotun Ma'aikata tana da reshe a nan Jos, tana kuma da sashen sulhu ga wanda ba ya son doguwar shari'a. Kafin a kai can, ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na jiha yana iya kiran ɓangarorin biyu a zauna.

Mu ba mu kai ko'ina cikin waɗannan ba. A daren nan muka zazzage akwatinta, muka samo takardar ɗaukar aikinta a ninke cikin fayil ɗin shaidar NCE. Wa'adin wata guda ne a rubuce, ba maganar garatuti ko kuɗin sallama. Washegari ta je kamfanin fanshonta aka buga mata bayanin asusu, sai ga wata goma sha huɗu ba a zuba komai ba. Su huɗun suka rubuta wasiƙa ɗaya, suka nemi takardar sallama mai ɗauke da dalilin gaskiya, da kuɗin wa'adi, da bashin fansho, da zama kan kuɗin sallama kamar yadda sashe na 20 ya ce. Aka zauna sau biyu, da wani dattijo daga ƙungiyar iyaye da malamai a tsakani. An biya su kuɗin wa'adi, an ƙara wa kowa albashin wata biyu. Bashin fanshon kuwa mai makarantar ta sa hannu za ta biya a sau uku, kuma zuwa yanzu biyan farko ya shiga asusun.