Gano ƙullutun ruwa na haihuwa a wuyan manya ta hanyar hoton asibiti

Ƙullutun ruwa na haihuwa wata 'yar jaka ce mai ɗauke da ruwa da ke samuwa a wuya tun mutum yana cikin mahaifa, sai dai takan kwanta shekaru ba ta nuna kanta ba, har ranar da mura ko ciwon maƙogwaro ya kumbura ta. A Garwa da Marwa na Kamaru da Njamena ta Cadi akan ɗauke ta a matsayin maƙoƙo ko kaluluwa, shi ya sa ake buƙatar hoto kafin tiyata.

Gwajin farko shi ne ekografi, wato hoton cikin jiki irin wanda ake yi wa mai juna biyu, domin yana da sauƙin kuɗi, kuma nan take yake bambance ruwa da tsoka. Sikana da IRM, manyan na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki dalla-dalla, waɗanda galibi sai a manyan asibitocin birane ake samunsu, su ke nuna zurfin ƙullutun da kusancinsa da jijiyoyin jini.

Mazaunin ƙullutun shi ne babbar shaida. Wanda ya fi yawa yana tsakiyar wuya, dab da ƙashin da ke ƙarƙashin harshe, a kan hanyar da tayirod, wato gaɓar gaban wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo, ta bi ta sauko lokacin halitta, kuma yakan yi sama idan mutum ya haɗiye yawu ko ya zaro harshe. Wajibi ne mai ɗaukar hoto ya tabbatar tayirod tana mazauninta, don wani lokaci abin da ake shirin cirewa shi ne kaɗai tayirod ɗin da mutum yake da ita. Tiyatar da likita Walter Sistrunk ya bayyana a 1920 tana cire ƙullutun tare da tsakiyar wannan ƙashi. Iri na biyu na ƙullutun yana gefen wuya, ƙasa da kusurwar muƙamuƙi, a gaban doguwar tsokar wuya.

Inda ake bukatar taka-tsantsan shi ne ga wanda ya haura shekara 40. Kaluluwar da sankarar tayirod ko ta gindin harshe ta kama tana iya narkewa ta zama ruwa, ta yi kama da ƙullutun haihuwa, haka ma kaluluwar tarin fuka, wadda ba baƙuwa ba ce a yankin. Bangon ƙullutu mai kauri, ko tsiron tsoka a ciki, ko ɗigo-ɗigo masu tauri kamar tsakuwa, duk alamu ne da ke sa likita ya zuƙo ruwan da allura, ekografi na nuna masa hanya, a kai ɗakin gwaji.