Nutso a Duwatsun Murjani na Nesa

Nutso a duwatsun murjani na nesa wani nau'in yawon buɗe ido ne da mutum ke goya tukunyar iska, ya nutsa cikin tekunan ƙasashe masu zafi, a wuraren da babu gari kusa balle asibiti. Abin ya samo asali ne daga na'urar shaƙar iska da Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka ƙera a Faransa a 1943, wadda ta raba mai nutso da dogon tiyon da a da ke haɗa shi da jirgi.

Murjani ba dutse ba ne zalla. Wasu ƙananan halittu ne ke gina shi sannu a hankali, a jikinsu kuma akwai ƙwayoyin gansakuka da ke ba su launi da abinci. Idan ruwa ya yi ɗumi fiye da kima sai su fitar da gansakukar, murjanin ya koma fari fat, kamar yadda aka gani a tekuna da dama a 1998 da 2016.

Wurin da ya fi shahara shi ne Raja Ampat, tarin tsibirai kusan 1,500 a yammacin Papuwa ta Indunusiya, inda aka ƙidaya nau'in murjani mai tauri sama da 500. Tubbataha kuwa, da ke tsakiyar Tekun Sulu a Filifin, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 1993. Daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Yuni ake zuwa can, lokacin da teku ke lafawa, bayan tafiyar kusan awa 10 a jirgin ruwa daga birnin Puerto Princesa. Tsibirin Kokos na Kosta Rika ya fi su wuyar kaiwa: kilomita kusan 550 daga gaɓa, tafiyar kwana ɗaya da rabi, duk don ganin garken kifin shak mai kai kamar guduma.

Irin waɗannan wurare sai da jirgin da ake kwana a cikinsa, a ci a can, a yi nutso sau uku ko huɗu a rana har tsawon mako guda ko fiye. Nan ne kuma haɗarin yake. Duk mita 10 da mutum ya sauka, matsin da ke kansa na ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da ke doron ƙasa, iskar naitirojin kuma na ƙara narkewa a jininsa. In ya taso da gaggawa sai ta yi kumfa, kamar an buɗe kwalbar lemo bayan an girgiza ta, ta kawo ciwon gaɓoɓi, wani lokaci har da shanyewar jiki. Maganinsa ɗakin matsin iska ne, inda ake sa mara lafiya a ƙara masa matsi sannan a rage shi sannu a hankali, daga Kokos kuwa sai an yi fiye da yini kafin a kai gare shi. Tallan kamfanoni bai cika tsayawa kan wannan ba.

Shi ya sa ƙa'idojin ke da tsauri. Mai takardar shaidar koyon nutso ta matakin farko ba ya wuce zurfin mita 18, ƙwararre mai nutson nishaɗi kuma iyakarsa mita 40. Kafin a fito, ana dakatawa minti 3 a zurfin mita 5: mutum na rataye cikin ruwa, ido kan kwamfutar da ke ɗaure a wuyan hannunsa, inuwar jirgi na lilo a samansa. Bayan nutson ƙarshe kuma ba a hawa jirgin sama sai an yi aƙalla awa 18, wasu ma sukan cika 24.