Mai sida da tarin fuka: dalilin da likita ke kwantar da garkuwar jiki

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta sabunta a 2021 ta ce wanda ke ɗauke da ƙwayar sida kuma tarin fuka ya kama shi, maganin tarin ake fara ba shi. Maganin sida, wato ARV, ya biyo baya cikin mako 2, komai ƙarancin CD4 ɗinsa, wato ƙwayoyin garkuwar jiki da ake ƙirgawa a jini. Sai fa in tarin ya hau kai ya zama sanƙarau: nan ana jinkirta ARV mako 4 zuwa 8, a kuma haɗa wa maras lafiya dexamethasone ko prednisolone, magungunan da ke rage kumburi.

Inda dangi ke rikicewa shi ne bayan an fara ARV. Garkuwar jiki da ta daɗe kwance sai ta farfaɗo, ta far wa ƙwayoyin tarin da ƙarfin da ya wuce kima. Zazzaɓi ya dawo, kaluluwar wuya ta kumbura, tari ya tsananta. Likitoci na kiran wannan IRIS. A gida kuwa sai ka ji an ce maganin bai karɓe shi ba, a kwashe shi daga asibitin Maradi zuwa ƙauye. Babban kuskure ne, domin galibi alama ce ta maganin yana aiki, kuma ba a dakatar da shi sai likita ya ce.

Nan prednisone, ɗan'uwan prednisolone, ke shigowa, ya ɗan sassauta garkuwar. Wani gwaji a Khayelitsha ta Afirka ta Kudu, da aka fitar a 2018, ya ba masu CD4 100 ko ƙasa da haka miligiram 40 na prednisone kullum tun farkon shan ARV har kwana 14, sannan 20 na wasu kwana 14. IRIS ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100.

Amma likita ne ke yanke wannan shawara. Dexa, wato dexamethasone, da ake saye hannun masu tallar magani, wanda wasu mata ke sha don ƙiba, ɗan gidan prednisone ne, kuma shan sa barkatai na ƙara raunana jikin da dama ya raunana. Ga mai kansar fata ta Kaposi, yana iya tsananta ta.

Maganin tarin wata 6 ne, kuma rifampicin da ke cikinsa yana rage ƙarfin dolutegravir, ɗaya daga cikin magungunan ARV, shi ya sa ake ƙara wa maras lafiya ƙwayar dolutegravir ta 2 a rana. Cotrimoxazole ma, maganin da ke kare mai sida daga wasu cututtuka, yana cikin ƙa'idar.