Awon tsayin jirgi da lambar matsin iska: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Wai jirgi da GPS yake sanin tsayinsa?

A'a. Da matsin iska ake raba jirage a sama. Na'urar altimita tana auna nauyin iska, ta mayar da shi ƙafa. Kusa da ƙasa, bambancin hektofaskal 1 (ma'aunin matsin iska) yana daidai da ƙafa 27 zuwa 30.

Mene ne QNH?

Lambar matsin iskar wurin ce, an lissafa ta zuwa saman teku. Ma'aikatan NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ke aunawa, hasumiya ta karanta wa matuƙi, shi kuma ya murɗa ta a na'ura. Jirgin da ke tsaye a filin Umaru Musa 'Yar'adua na Katsina zai nuna ƙafa 1,600 da ɗoriya, don nan ne tsayin filin daga teku. Da QFE aka sa, wato matsin iskar da ke kan filin kansa, sifiri zai nuna. Kada a haɗa su.

To 1013 ɗin fa?

Ita ce lambar bai ɗaya, 1013.25. Da jirgi ya wuce iyakar canji, wato tsayin da ake barin QNH, kowa ita yake sawa, sai a koma kiran tsayi da FL (matakin tashi), kamar FL350, wato ƙafa 35,000 a na'ura. Ba ainihin tsayi take nunawa ba, kuma ba a buƙatar hakan a can sama. Abin da ake so shi ne kowa ya yi awo da tiya ɗaya, don daga FL290 zuwa FL410 ƙafa 1,000 ce kacal tsakanin jirgi da jirgi, tsarin da Afirka ta shiga a 2008.

Kuskuren lamba ɗaya zai iya kashe mutane?

Haba Malam, har yanzu ana tambayar wannan? Ranar 23 ga Mayu, 2022, wani Airbus A320 daga Sitokholm yana sauka a filin Charles de Gaulle na Faris cikin ruwan sama, aka karanta masa 1011 alhali 1001 ce. Ya sauko kusan ƙafa 280 ƙasa da inda na'ura ke nuna masa. Ƙafa 6 ta rage ya daki ƙasa kafin ya kai titin jirgi. Shi ya sa maimaita lamba ga hasumiya dole ne, kuma mai hasumiya ya saurari maimaicin da kunnen basira.

Me ya hana a sa iyakar canji ɗaya a ko'ina a huta?

Nan sai a yi haƙuri, amsar ba ta miƙe ba. Amurka da Kanada sun tsaya a ƙafa 18,000, Ostareliya 10,000, Jamus 5,000, a Ingila kuwa akwai 3,000 akwai 6,000. A ƙasashe da yawa kowane fili da tasa, a takardar saukar filin ake dubawa.

Illar iyaka ta ƙasa-ƙasa ita ce canjin yana zuwa daidai lokacin da aiki ya yi wa matuƙi yawa: yana magana da hasumiya, yana rage gudu, ga hazon hunturu ya rufe Katsina ba ya ganin ƙasa. A nan ake mantuwa. Mai saukowa da ya bar 1013 a kan na'ura alhali QNH 1003 ce, yana ƙasa da abin da yake gani da kusan ƙafa 280. Mai hawa da ya manta bai canza 1003 zuwa 1013 ba zai zarce matakin da aka ba shi da kwatankwacin haka, ya ci rabon wani. Ɗaga iyakar yana fitar da canjin daga wannan hada-hadar, kuma a ganina shi ya fi.

Sai dai ba kyauta ba ne. In iyaka ta kai 18,000, duk jirgin da ke ƙasa da ita sai an riƙa sabunta masa QNH a hanya, yanki bayan yanki. Kenan ana buƙatar tashoshin awo masu aiki dare da rana da rediyon da ba ya yankewa, a kuma sake rubuta takardun sauka, a sake horar da ma'aikata. Ga maganar maƙwabta: Katsina da Daura a bakin iyakar Nijar suke, sararin Kano yana haɗe da na Yamai. In NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, ta canza ita kaɗai, an kwashe ruɗanin ne an kai shi kan iyaka. Don haka ina goyon bayan daidaitawa, amma da sharaɗin a yi ta tare, kuma awon yanayi ya riga ta tsayawa da ƙafarsa.

Zafin Katsina yana ɓata awon?

Yana taɓa shi, amma ta ɓangaren da ba ya cutarwa: a iska mai zafi jirgi yana sama da abin da na'ura ta nuna. Sanyi mai tsanani ne ke jawo akasin haka. Abin lura a nan shi ne hadarin damina, da kan motsa matsin iska cikin ɗan lokaci. QNH ta awa guda da ta wuce ba abin dogaro ba ce, a nemi sabuwa.

Ni fasinja ne, in ji tsoro?

Kwantar da hankalinka, Alhaji. Matuƙa biyu ne, kowa da altimitarsa, ga ta uku ta ko-ta-kwana, kuma suna kwatanta su da baki. Daga ƙafa 2,500 zuwa ƙasa akwai wata mai aiki da rediyo, wadda ke auna tazarar ƙasa kai tsaye ba ruwanta da matsin iska.