Waiwaye: Yadda Aka Fara Raba Wa 'Yan Jarida Fagen Aiki

A Abuja, idan ka tambayi ɗan jarida inda yake aiki, sau da yawa sunan gini zai faɗa maka: Fadar Shugaban Ƙasa, Majalisar Dattawa, Babbar Kotun Tarayya, Babban Banki. Can yake wuni, can yake samo labari, edita kuma ba ya tsammanin wani abu daga gare shi sai na wurin. Wannan tsari ya girmi Abuja nesa ba kusa ba.

Tun a 1833 jaridar Sun ta birnin New York ta ware mutum guda, George Wisner, yana sammako zuwa kotun 'yan sanda don ya rubuto labarin mashaya da ɓarayin da aka kwana da su a tsare. Jama'a suka yi ta rububin saye, sauran jaridun Amurka suka bi sahu. A Ingila kuwa, a wajajen 1884 aka fara tantance wakilan da za a bari su tsaya a zauren shiga majalisa, su ji ta bakin 'yan siyasa bisa sharaɗin ba za a ambaci sunan mai magana ba. Japan ta fi kowa tsaurarawa. Ƙungiyoyin 'yan jarida da ake kira kisha, waɗanda suka samo asali a 1890 lokacin buɗe majalisar ƙasar, suna da ɗakunansu a cikin ma'aikatu, kuma sun daɗe suna rufe wa baƙi da masu zaman kansu ƙofa. Jamusawa dai fanni suka fi bi: siyasa, tattalin arziki, al'adu, wasanni da labaran gari, kowanne da teburinsa da shugabansa.

Mu nan, lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya a 1939, da Abubakar Imam a matsayin edita, hannayen ba su kai a yi rabo ba. Manyan jaridun Legas ne suka fara samun halin ware wakilin kotu da na wasanni da na ƙwadago. Da gwamnati ta taso zuwa Abuja a Disambar 1991, jaridun suka buɗe ofisoshi suka raba wa wakilansu ma'aikatu, dawowar mulkin farar hula a 1999 kuma ta ƙara musu majalisa. Wakilan kowane fage suka kafa ƙungiya, irin su FICAN ta masu labaran kuɗi da NAJUC ta masu bin kotuna.

Amfanin a bayyane yake. Wanda ya shekara goma yana zama a kotu ba zai rubuta an kori ƙara ba alhali ɗage ta aka yi, kuma ya san magatakardan da zai nuna masa takarda. Sai dai zama wuri ɗaya yana kawo sabo, sabo kuma yana kawo kunya. Jami'in yaɗa labaran da ya saba ba ka kujera da kuɗin mota, da wuya ka rubuta abin da zai ɓata masa rai, bare ma idan albashinka ya yi wata biyu bai shigo ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wuraren da ba su da gini. Cunkoson hanyar Nyanya da Mararraba, ko farashin shanu a Dei-Dei, ko asibitocin ƙauyukan Kwali da Abaji, ba a cika ɗora wa wani takamaimai alhakinsu ba, sai gobara ta tashi ko an sace mutane a tura wanda ya samu sarari. Wakilin jiha a Jos kuwa shi kaɗai ne kotu, shi ne gidan gwamnati, da yamma kuma ya wuce filin ƙwallo.